Farin Gishiri a Kan Intalok: A Bi Sawun Ruwa Kafin a Zuba Asid

Daga ƙarshen watan Satumba, idan damina ta ɗauke ƙafa iska ta fara bushewa, akwai wata rigima da takan tashi a garuruwanmu wadda ba ta cika kaiwa gaban alƙali ba, amma tana ɓata zumunci. Mutum ya tara kuɗi ya shimfiɗa intalok ja da baƙi a tsakar gidansa ko a gaban shagonsa, bayan 'yan makonni sai ya wayi gari ya ga wani fari-fari ya lulluɓe shi kamar an barbaɗa garin rogo. A share, ya dawo. A wanke da omo, ya ɓace muddin wurin yana jiƙe, da ya bushe kuma ya fito fiye da na jiya. Mai gida ya ce an ci amanarsa an rage masa siminti. Mai aiki ya rantse da Allah bai taɓa ko mudu ɗaya ba. Ana cikin haka sai wani na gefe ya kawo shawarar a sayo asid a zuba, kowa ya huta.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, farin nan sawun ruwa ne, kuma wanda ya ga sawu a gonarsa yakan fara tambayar inda dabbar ta shigo kafin ya share sawun. Wanda ya gane ta ina ruwa yake shiga intalok ɗinsa da ta ina yake fita, zai san ko haƙuri ya kamace shi, ko burushi, ko kuwa a ɗaga shimfiɗar gaba ɗaya a gyara ƙarƙashinta. Wanda bai gane ba zai yi ta asarar kuɗi, ya ɓata fuskar daɓensa, wataƙila ma ya jawo wa yaron da ya sa wankin makanta.

Intalok baƙo ne a wurinmu, ko da yake ya riga ya zama ɗan gida. A ƙasar Holan aka fara yawaita shimfiɗa tubalin kankare a tituna bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulo ya yi ƙaranci saboda an karkatar da shi zuwa sake gina gidajen da yaƙi ya rushe. Daga can ya bazu zuwa Jamus da sauran duniya. A nan kuwa, tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991 aka mai da Dutse babban birni, gine-gine suke ƙaruwa, kuma suka ƙara bunƙasa a zamanin Gwamna Sule Lamido tsakanin 2007 da 2015. Yau da wuya ka zaga Takur ko Ɗanmasara ko Fagoji ba ka taka intalok ba. Haka gidajen man da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Shuwarin da Kiyawa, haka harabar masallatai da makarantu. Samari da dama sun sami sana'a a buga shi da shimfiɗa shi. Saboda haka duk abin da zai zubar da mutuncin wannan sana'a ya shafi tukunyar gidaje masu yawa.

To, mene ne farin, kuma daga ina yake fitowa? Amsar tana cikin yadda ake yin siminti. A masana'antu irin na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi, ana fasa farin dutse ne a haɗa shi da yumɓu, a gasa a wuta mai zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos, sannan a niƙa. Wannan nau'in siminti shi ne wanda wani birkila ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824, aka yi ta inganta shi har ya zama wanda muke saye a buhu. Idan aka kwaɓa shi da ruwa, ba bushewa ce take sa shi ƙarfi ba, haɗuwa ce ta sinadarai tsakaninsa da ruwan. A cikin wannan haɗuwa ake samun wani abu da ɗaliban kimiyya suka sani da kalsiyam haidiroksaid, wanda yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na simintin da ya daskare. Shi ne dai farar hodar nan da ake jiƙawa a shafe gindin bishiyoyi da duwatsun bakin titi idan babban baƙo zai zo gari. Ke nan kowane intalok, komai kyansa, yana ɗauke da wannan farin a cikinsa tun ranar da aka buga shi.

Kankare kuma yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ruwa ya shiga ta cikinsu, sai ya narkar da wani ɓangare na sinadarin ya taho da shi sama, kamar yadda iyayenmu mata suke tace ruwa ta cikin toka ya fito da kaifinta. Da ruwan ya iso fuskar intalok sai iska ta kwashe shi, sinadarin ya zauna. Nan take yake haɗuwa da iskar kabon da ke yawo a sarari, ya rikiɗe ya zama kalsiyam kabonet, wato abin da aka yi ɓawon ƙwai da shi, kuma ainihin farin dutsen da aka gasa tun farko. Siminti ne yake komawa asalinsa. Wanda ya taɓa ganin farin zanen da zufa take bari a kan baƙar hula a watan bazara ya riga ya fahimci rabin wannan bayani.

Yanayinmu yana taimaka wa abin ya fito fili. A watan Agusta ƙasa takan ƙoshi da ruwa. Daga Oktoba sama ta bushe, iskar hunturu ta fara kaɗawa, amma ƙarƙashin shimfiɗa yana nan da danshi, sai ruwa ya yi ta hawowa dare da rana. Wani abin mamaki kuma, wannan sinadari ya fi narkewa a ruwan sanyi fiye da ruwan zafi, don haka sanyin asubahin Nuwamba da Disamba ya fi tsakar ranar Afrilu fito da shi. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan da yake narkar da farin sannu a hankali. A Legas ko Fatakwal, inda ake shafe yawancin shekara ana ruwa, yakan wanke da kansa ba a ma lura ba. Mu kuwa da muke yin wata bakwai zuwa takwas babu ɗigon ruwa, sai ya zauna mana a ido har damina ta zagayo, mai gida yana kallonsa kullum yana ƙara jin haushin wanda ya yi masa aiki.

Sai dai ba duk fari ne iri ɗaya ba, kuma a nan ne ya kamata a natsu. Iri uku na fi cin karo da su. Na farko shi ne wanda na bayyana, na jikin siminti. Yakan bayyana a watannin farko, ya bazu ko'ina kamar hazo, ya fi fitowa a kan ja da baƙi. Ba ya rage ƙarfin intalok, kuma yakan ƙare da kansa bayan damina ɗaya ko biyu, domin abin da yake fitowa yana da iyaka, ga kuma takun ƙafa da tayar mota suna goge shi.

Na biyu gishiri ne na gaske, wanda ya zo daga waje: daga ƙasar da aka shimfiɗa a kai, ko yashin da aka ɗebo a fadama, ko ruwan zartsi da aka kwaɓa da shi, ko ruwan wanka da na wanki da ke malala a ƙarƙashi. Wannan yakan taru a wuri ɗaya, kusa da bango ko kwata ko inda ƙasa ta lotsa, yana da laushi kamar auduga ko kanwar da ta tsatso. Shi ne abin tsoro. Idan ƙwayoyinsa suka girma a cikin ƙofofin kankare, sai su tura su fasa fuskar, ka ga intalok yana ɓarewa yana zubar da yashi. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda gishiri yake cinye gindin katanga har ta rufta. Cutar ɗaya ce.

Na uku shi ne na ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi, irin wanda yake barin farin ɓawo a cikin butar shayi. Ana ganinsa a ƙarƙashin tankin da yake ambaliya, da bakin famfo, da wurin alwala, da inda ake wanke mota kullum. Wannan daga sama yake sauka, kuma ba zai daina ba sai an daina jiƙa wurin.

Rarrabe su ba ya bukatar ɗakin gwaji. A kankaro kaɗan a zuba a kofin ruwa: idan ya narke, gishiri ne. Idan bai narke ba, a ɗiga masa ruwan lemon tsami ko ruwan khal: idan ya yi kumfa yana tsuwwa, na farko ne ko na uku, wurin da ya fito kuma zai nuna wanne ne. Sannan a ɗaga intalok ɗaya ko biyu a tsakiyar rani a taɓa yashin da ke ƙasa. Idan da danshi a watan Janairu, akwai ruwan da yake shigowa daga wani wuri ko wanda aka hana shi fita.

Na taɓa zama a kan irin wannan saɓani a nan Kiyawa, tsakanin wani dattijo maƙwabcinmu da saurayin da ya yi masa aiki. Dattijon ya riƙe cikon kuɗin yaron, yana cewa, "Kai yaro, ka ji tsoron Allah, wata biyu ba a yi ba aiki ya yi furfura." Yaron yana cewa, "Wallahi Baba, duk abin da ka ce a sa shi na sa." Da aka ɗaga ƴan ƙwayoyi a kusurwar da farin ya fi yawa, sai ga leda shimfiɗe a ƙarƙashi, yashin da ke kanta jiƙe sharkaf. Ashe an sa ledar ne don hana ciyawa fitowa, kamar yadda ake yi a wurare da yawa. Ta tare ruwan damina ta hana shi nutsewa, bai da hanyar fita sai ta cikin intalok. Siminti bai yi laifi ba, kuma da an zuba asid jarka goma, farin zai dawo.

Yanzu ga yadda ya dace a tsabtace shi, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Matakin farko a bushe ake yinsa. A sami burushi mai tauri na roba ko tsintsiyar kwakwa, a goge wurin da rana, a kwashe garin a zubar nesa. Kada a share shi cikin tsagin da ke tsakanin intalok, domin can zai narke ya sake hawowa. A guji burushin ƙarfe, yana karce fuska ya bar tsatsa. Gishiri mai narkewa yakan tafi da wannan kaɗai, idan an toshe masa hanya. Yawan kwarara ruwa kuwa ƙara wa wuta mai ne, tunda ruwan da aka zuba shi ne zai nutse ya ɗauko wani sabon farin.

Idan aikin sabo ne kuma gwaji ya nuna farin jikin siminti ne, shawarata a bar shi ya ga damina ɗaya. Na san wannan magana ba ta yi wa wanda yake shirin bikin ɗiyarsa daɗi, amma mahaƙurci mawadaci, kuma babu maganin da ya kai wannan araha.

Wanda ba zai iya jira ba, ko wanda farinsa ya riga ya yi ɓawo, sai ya fara da farin ruwan khal da ake sayarwa a kantuna, a gauraya shi da ruwa daidai wa daida. A fara jiƙa wurin da ruwa mai tsabta domin ƙofofin kankaren su cika, tsamin ya tsaya a sama. A zuba, a bar shi minti 3 zuwa 5, a goge, a ɗauraye sosai, a kore ruwan zuwa magudana. A fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a bari ya bushe a ga yadda launi ya kasance, sannan a bi sauran wurin kaɗan-kaɗan.

Asid mai ƙarfi, wanda ake kira haidirokulorik kuma masu tayil suke amfani da shi, shi ne matakin ƙarshe, kuma aikin wanda ya san shi ne. Ana tsarma shi ƙwarai: mudu ɗaya cikin mudu 20 na ruwa, kada ya wuce ɗaya cikin 10. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid, don kada ya yi tsalle ya fantsama. Dole a sa safar hannu ta roba da tabarau da takalmin ruwa, a kawar da yara da dabbobi, a kare ƙofar ƙarfe da shuke-shuke. Idan ya fantsama a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15 sannan a garzaya asibiti. Kuma a sani cewa asid ba ya bambanta farin da simintin da ke riƙe da launi. Kowane wanki yana cire fata ɗaya, har jan ya koɗe tsakuwa ta bayyana, fuskar ta ƙara buɗewa ga ruwa.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon kada a kusance su. Na ɗaya, ruwan batir. Asid ɗin da ke cikinsa idan ya haɗu da siminti yana haifar da wani farin gishirin dabam, irin wanda ake yin filastar silin da shi, ya kuma ruɓar da kankaren. Idan daga tsohon batir aka tsiyaye shi, yana ɗauke da gubar dalma, a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Na biyu, haɗa asid da ruwan bilic. Wannan haɗi yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a lungu marar iska tana iya kisa. Na uku, rufe farin da fenti ko baƙin mai ko man ƙyalli tun danshi bai fita ba. Ruwan zai taru a ƙarƙashi ya ɗaga fentin, ko ya bar wani fari da burushi ba zai kai gare shi ba.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma nauyinsa a kan mutum uku yake. Mai buga intalok ya rage ruwa. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da jarka ɗaya mai lita 25 ba, idan yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Ana tsinka kwaɓi ne don ya yi saurin cika mazubi, amma duk ruwan da ya yi rara ƙofa yake bari idan ya fita. Ya yi amfani da yashi mai tsabta da ruwan da zai iya sha, ya girgiza mazubin sosai, ya ajiye abin da ya buga a inuwa cikin danshi na aƙalla kwana 7. Injiniyoyi a kwana 28 suke auna ƙarfin kankare, saboda haka wanda aka buga shekaranjiya aka loda a mota yau ɗanye ne.

Mai shimfiɗawa ya daddale ƙasa da burji ko tsakuwa, ya ba wurin gangara ta santimita 2 a kowace mita, wato tsakar gida mai tsawon mita 10 ta sauka da santimita 20 zuwa magudana. Yashin shimfiɗa ya kasance santimita 3 zuwa 4, ba tare da leda ba. Ya cika tsagi da busasshen yashi zalla. Al'adar nan ta barbaɗa garin siminti a share shi cikin tsagi sannan a yayyafa ruwa tana cikin manyan abubuwan da suke dusashe sabon aiki tun ranar farko. Mai gida kuma ya daina neman mafi araha da mafi sauri a lokaci guda. Ya tambayi ranar da aka buga, ya sayi mai kaurin milimita 60 don tsakar gida da ƙananan motoci, mai 80 inda manyan motoci za su taka, ya gyara famfonsa da ke ɗiga, ya juya indararonsa zuwa magudana.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Matan da suke yin daɓe da marmara da ruwan makuba ba su taɓa yin tsakar gida ba tare da karkata ta zuwa rariya ba. Maginan da suka ɗora soraye sun san cewa indararo gajere yana kashe katanga. Kayan aiki ne suka sauya, halin ruwa yana nan yadda yake.

Maganar ta fi nauyi idan aka zo kan dukiyar jama'a. Harabar asibitoci da makarantu da ofisoshi da gefen tituna duk ana shimfiɗa musu intalok da kuɗin talakawa. Ina kira ga Hukumar Raya Birnin Dutse, da hukumar tantance kwangiloli ta jiha, da sassan ayyuka na ƙananan hukumomi irin tamu ta Kiyawa, su riƙa rubuta gangara da magudana da kwanakin da intalok zai yi kafin a shimfiɗa shi a cikin takardar kwangila, kuma wa'adin riƙe cikon kuɗin ɗan kwangila ya ƙetare damina guda cikakkiya. Aikin da aka karɓa a watan Maris bai ga jarrabawa ba tukuna. Haka nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Dutse, tare da cibiyoyin koyar da sana'a, za su yi babban taimako idan suka shirya wa samarin da ke wannan sana'a horo na 'yan kwanaki da Hausa. Abin da suke bukata bai wuce abin da ke cikin wannan shafi ba, sai dai a nuna musu shi da hannu.

Ga wanda yake kallon farar tsakar gidansa a wannan rani, kafin ya riƙe haƙƙin lebura ko ya aiki yaro sayen asid, ya ɗauki kofin ruwa da rabin lemon tsami, ya ɗaga intalok ɗaya ya duba ƙarƙashinsa. Abin da zai gani shi zai gaya masa ko ya jira damina, ko ya ɗauki burushi, ko ya kira mai aiki su zauna su buɗe wa ruwa hanya. Allah Ya sa mu dace.